Da gaske Yahudawa sun tara wa Musulmin Christchurch kuɗi?

Baban Khalid: Assalamu alaikum 'yan uwa. An ce min bayan harin da aka kai wa masallatai biyu a Christchurch ta ƙasar New Zealand ranar Juma'a 15 ga Maris 2019, inda aka kashe mutum 51, wai Yahudawan Amurka sun haɗa gudummawa ga iyalan mamatan. Abin ya tsaya min a rai. Gaskiya ne? In gaskiya ne, me ya ja su?

Maman Sadiya: Wa alaikumus salam, Baban Khalid. Gaskiya ne, Yahudawan Pittsburgh ne suka jagoranci abin, suka tara sama da dala dubu 600. Kuma akwai abin da ya gabata. A ranar 27 ga Oktoba 2018 wani Bature ya shiga wurin ibadarsu na Tree of Life ya bindige mutum 11, akasarinsu tsofaffi. Musulmin Amurka suka tara musu fiye da dala dubu 200, shugaban cibiyar Musulunci ta garin ma ya ce a shirye suke su tsaya musu gadi a bakin ƙofa. Da abin ya faɗo kanmu sai suka rama alheri. Ina zaune a Amurka, ban manta Juma'ar da ta biyo bayan Christchurch ba. Wasu dattawan Yahudawa na tsaye a ƙofar masallacinmu cikin sanyi, wata tsohuwa ta riƙe hannuna da hannu biyu tana hawaye, ta kasa cewa komai.

Ɗan Fagge: Maman Sadiya, a yi haƙuri, amma ina Falasɗinawa? Zuciyata ta kasa natsuwa da wannan labari alhali ana kashe yara a Gaza.

Maman Sadiya: Ɗan'uwa, nima Gaza na hana ni barci, kuma ba zan taɓa yi wa gwamnatin Isra'ila uzuri ba. Amma tsohuwar nan ba ita ta jefa bam ba. Ka kuma duba wanda ke kashe mu a nan. Wanda ya kai harin Pittsburgh haushinsa shi ne ƙungiyar Yahudawa ta HIAS tana taimaka wa 'yan gudun hijira, cikinsu har da Musulmi. Masu aƙidar fifita farar fata sun yarda cewa Yahudawa ne ke shigo da baƙar fata da Musulmi don a maye gurbin Turawa. A 2019 mutum ɗaya ne ya cinna wa masallaci wuta a Escondido ta California, bayan wata guda ya je wurin ibadar Yahudawa a Poway ya kashe mace ɗaya.

Malam Habu: Ƙari a kan haka, da aka ƙona masallacin Victoria a Texas a Janairun 2017, Yahudawan garin mukullin wurin ibadarsu suka miƙa wa Musulmi don su samu inda za su yi sallah.

Baban Khalid: Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu. Maman Sadiya, har yanzu ana sa muku masu gadi a masallaci ranar Juma'a?