Shawarwarin waɗanda suka yi zangon karatu a Faransa

Ɗaliban da suka taɓa yin zango guda a Faransa sun tattauna kan abin da ke jiran mai shirin tafiya, kuma bakinsu ya zo ɗaya a kan batun harshe. Cibiyoyin koyar da Faransanci na karɓar ko da ɗan koyo, su gwada shi, su sa shi ajin da ya dace. Amma mai son zama aji ɗaya da 'yan ƙasa a jami'a, galibi matakin B2 ake nema, wato mataki na huɗu cikin shida na iya harshe, da shaidar DELF ko TCF, jarrabawoyin gwada iya Faransanci. Takardar TCF shekara 2 take aiki, ta DELF kuwa ba ta tsufa.

Cikakken zango kiredit 30 ne a tsarin ECTS, wato tsarin da jami'o'in Turai ke auna nauyin darussa da shi. Kafin ka tashi, jami'arka ta rubuta maka darussan da za ta lissafa, kada ka dawo a ce wahalar banza ka sha.

Inda aka fi daɗewa shi ne yadda ake koyarwa. Akwai CM, laccar babban zaure, malami na zuba kowa na rubutu, ba mai jiran ka. Akwai kuma TD, ƙaramin aji da ake kiran suna, a ba ka jinga, ka tashi gaban aji ka yi jawabi. Fashin TD kan kayar da mutum. Maki bisa 20 ne, 10 an ci, wanda ya samu 14 ya yi rawar gani, don haka kada gabanka ya faɗi.

Wasu sun ce a rage darussa don a samu cuɗanya da mutane. A ganina, sai an fara tambayar jami'ar gida ko za ta yarda.