Poser ko Daz Studio: wanne ya cancanci kuɗinsa?

Mai_Zane: Salamu alaikum. Ga mai haɗa hotunan mutane na 3D don nishaɗi kawai, Poser ya cancanci a biya kuɗinsa alhali Daz Studio kyauta ne? Kuma me ya fi buƙatar gyara?

Habu3D: Wa alaikumus salam. Kyautar Daz akwai lauje cikin naɗi, malam. Manhajar kyauta ce, amma yawancin gashi da tufafi sai ka saya. Kayan Genesis 8 (tsohon samfurin jikin mutum na Daz) kuma ba sa zama daram a jikin sabon samfurin Genesis 9 sai ta Auto-Fit, mai daidaita tufafi da jiki, inda takalma da dogayen riguna kan karkace. Poser biya ne tun farko, kuma injinsa na fitar da hoto, SuperFly, a kan injin Cycles na manhajar Blender aka gina shi.

Zulai_K: Ku bar batun farashi, katin hoto na kwamfuta ne ke cin kuɗi. Iray, injin fitar da hoto na Daz, katin kamfanin NVIDIA yake so. Idan aikin ya fi ƙarfin ma'ajin katin, sai ya koma kan CPU, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, abin mintuna ya zama na sa'o'i. Hoton fata ɗaya mai 4096×4096 yakan ci kusan megabait 64 idan ba a matse shi ba, kuma mutum guda yana ɗauke da su da yawa. Mayar da su 2048, nauyin ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Matakin SubD ma, wato na ƙara santsin jiki, kowane ƙari yana ninka fuskokin jiki sau huɗu. Na mutanen da ke can baya a hoton a bar shi a 1.

Habu3D: Haka ne, Malama Zulai. Gyaran da ake buƙata shi ne manhajar Daz ta yi gargaɗi kafin katin ya cika. Kuɗi kuwa, gara saye sau ɗaya tare da rangwamen sabuntawa. Biyan wata-wata bai dace da mai buɗe manhajar jefi-jefi ba.