Tambaya: yaya hidimar Kiristoci ga iyalai marasa ƙarfi ta faro a ƙasar Katsina?

Ɗiyar Malumfashi ta rubuta:

Salama gare ku iyayena da yayyena. Zumuntar Mata ta ikilisiyarmu ta ɗora mini aikin rubuta tarihin rumbun da muke tara hatsi domin gwauraye da marayu, amma duk dattijon da na tambaya sai ya ce mini tun zamanin mishan ake yi. Ina so in san yadda abin ya faro, kuma ko Turawa ne suka zo da shi ko iyayenmu ne suka ƙago shi.

Tsohon Malamin Asibiti ya amsa:

'Yata, idan mafari kike nema, ki ajiye zancen hatsi tukuna, ki fara da kuturta. Mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission), wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka faro a 1893, ta daɗe ba ta sami shiga masarautun Musulmi ba, domin Gwamna Lugga ya yi wa sarakuna alkawarin cewa ba za a taɓa addininsu ba. Sai a ƙarshen shekarun 1930, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Dikko, aka damƙa mata kula da sansanin kutare na Babbar Ruga da ke kusa da birnin Katsina, kamar yadda aka ba ta Yadakunya a Kano da Amanawa a lardin Sakkwato.

A lokacin babu maganin kirki, sai allurar wani mai da ake tatsa daga 'ya'yan wani itace na ƙasar Indiya. Mahaifina ya yi jinya a Babbar Ruga, kuma har ya rasu yana nuna mana tabon allurar a damtsensa, jere kamar an yi masa zane. Tunda jinyar shekaru take ɗauka, majinyaci yakan tare da matarsa da 'ya'yansa, dole kuwa a sama musu gona da abinci da makarantar yara. Ta nan jinyar mutum ɗaya ta zama ɗawainiyar iyali guda. Da ƙwayar dafson, sabon maganin kuturta, ta yaɗu a shekarun 1950, mutane suka fara karɓar magani suna komawa gida, sannan a shekarun 1970 gwamnati ta karɓi asibitocin mishan. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Kees Waaldijk, wanda aikin kuturta ya kawo shi, shi ya fara yi wa mata aikin yoyon fitsari a wurin a 1984, abin da aka fi sanin Babbar Ruga da shi ke nan a yau.

Malami daga Ƙofar Soro ya amsa:

Baba ya faɗi gaskiya, sai dai a matsayina na Musulmi ina so a rubuta ɗaya ɓangaren. Ba kowa ne ya yi na'am da tsarin ba, domin iyaye da malamai sun yi ta fargabar cewa yaron da ya tashi a makarantar sansani zai bar addinin gidansu, kuma wasu sun bari ɗin. Haka nan kada a rubuta kamar ƙasar ba ta san taimako ba kafin zuwan 'yan mishan, tunda akwai zakka da ciyayya da gayya tun fil azal. Abin da ba na musu a kai shi ne, sun zauna da mutanen da danginsu ma suka ware musu ƙwarya da tabarma.

Mama daga Kafur ta amsa:

'Yata, asibiti na Turawa ne, amma rumbun nan namu ne. Da aka kafa ECWA, ƙungiyar ikilisiyoyin da suka fito daga SIM, a 1954, ragamar ikilisiyoyi ta fara dawowa hannun 'yan ƙasa, kuma iyayenmu na yankin Malumfashi da Kafur, waɗanda akasarinsu Maguzawa ne manoma kafin su karɓi bishara, ba su da kuɗin da za su sa a baiko, sai abin da gona ta bayar. Na tashi na ga ranar godiyar kaka ana shigowa majami'a da damin dawa a ka, wata da ƙwaryar wake, wani da zakara a hammata yana ta fisge-fisge har a gama addu'a. Dattawa su ware na fasto, sauran a zuba a rumbu, ba za a buɗe ba sai tsakiyar damina, wajen watan Agusta, lokacin da tsohon hatsi ya ƙare sabo bai nuna ba. Mu mata ne muka san gidan da ba a hura wuta ba, saboda haka mu ke aunawa da tiya mu kai da almuru, don kada maƙwabta su gani mai karɓa ta ji kunya. Sau da yawa ma gidan Musulmi ne.

Ki je wurin ma'ajiyar Zumunta ki roƙe ta tsohon littafin da ake rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita, ki kuma zauna da tsofaffin da suka riƙe makullin rumbun, ki rubuta shekarun da kowacce ta yi tana riƙe da shi.