Gwada manhaja a hannun jama'a: shawarwarin masu bincike a Abuja

Masu nazarin yadda mutane ke amfani da manhajojin waya sun tattauna a Abuja, ga abin da suka fi jaddadawa.

Mutum biyar sun isa zagaye ɗaya na gwaji. Jakob Nielsen, masani kan sauƙin amfani da manhajoji da shafukan intanet, ya bayyana a shekarar 2000 cewa biyar sukan bankaɗo kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani. A gyara, a sake nemo wasu biyar. Sai dai mai POS a kasuwar Wuse daban, ma'aikaciyar ofis daban, kowane rukuni da nasa mutanen.

An fi daɗewa kan yadda ake tambaya. Kada a ce, "Hajiya, manhajar ta yi kyau?" Kara za ta sa ta ce ta yi, ko da ta sha wuya. A ba ta aiki: "Hajiya, ki tura wa ɗanki naira 2,000." Daga nan mai bincike ya kama bakinsa ya zuba wa yatsanta ido: ina ya tsaya, sau nawa ta koma baya, ta gane alamar ko sai ta karanta rubutu. Yana nuna mata inda za ta danna, gwajin ya lalace.

A yi gwajin a wayar mutum, ba ta ofis ba. Ƙaramar Android mai fasasshen gilashi, ga hasken rana, ga sabis yana ɗaukewa, nan ainihin matsala ke fitowa.

Kafin naɗar murya ko allo, a nemi izini da harshen da mutum yake ji. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ce izini sai da sani da son rai. Lambar sirri kuwa ba a naɗarta, a buɗe asusun gwaji.