Dan Allah masana, ƙwayar folik ɗin nan tana jawo ma maza kansar furostet?

Bakaben Jega:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Wani abu ne ya hana ni barci tun shekaranjiya. Babanmu shekararshi 64, tun bayan ƙaramar sallah yake kukan kasala, sai matata ta ba shi ragowar ƙwayoyin da aka ba ta wurin awo, 'yan ƙananan nan masu ruwan ɗorawa, folik asid. Tsoho ya ce ya ji daɗin jikinshi, to daga nan fa shikenan, kullum da safe sai ya kora ɗaya da kunu, in ta ƙare ya aiki yaro kemis, yanzu wata na bakwai kenan. Sai ga ƙanena da ke karatu a Aliero ya turo mani wani bidiyo a WhatsApp wai wannan sinadarin na haddasa kansar furostet, wato 'yar tsokar nan ta maza da ke ƙasan mafitsara, kuma wai akwai shi cikin zogale da alayyahu da wake. Ga shi dama Baba na tashi fitsari sau huɗu sau biyar cikin dare, ina jin ƙarar buta daga ɗakina. Ni yanzu har na ce ma Inna ta dakata da kwaɗon zogale, ta ko yi mani kallon mahaukaci. Mi ya kamata in yi dan Allah?

Mai Kemis na Gwandu:
Wa alaikumus salam. Yaya fara zuwa ka ba Inna haƙuri tukunna, ita ke da gaskiya. Abu biyu ne aka cakuɗa maka wuri ɗaya. Akwai folet na cikin abinci, shi ne bitamin B9, yana cikin ganye da wake da gyaɗa da hanta, akwai kuma folik asid wanda ake haɗawa a kamfani a yi ƙwaya da shi. Babban mutum maikirogiram 400 yake buƙata a rana. Rabin kofi na dafaffen wake bai kai maikirogiram 200 ba, ganye kuma yadda muke dafa shi ya yi ligif a tsiyaye ruwan, da yawa ya bi ruwa ya tafi don sinadarin ba ya jure wuta. Amma 'yar ƙwayar can da ka raina, wadda muke sayarwa a nan galibi miligiram 5 ce, wato maikirogiram 5,000, ya ninka buƙatar rana fiye da sau 12, kuma iyakar da aka ɗiba ma mai lafiya ya samu daga ƙwaya ita ce maikirogiram 1,000 a rana.

Maganar bidiyon kuma ba daga sama ta faɗo ba. An yi wani gwaji a Amurka da Kanada, asali ma don a ga ko folik asid zai hana tsiron hanji ne, aka riƙa ba wasu miligiram 1 kullum, wasu kuma ƙwayar da ba komai cikinta. A 2009 aka fitar da lissafin maza 643 da ke ciki, sai aka ga yiwuwar kamuwa da kansar furostet cikin shekara 10 ta kai kashi 9.7 cikin 100 ga masu shan folik, su kuwa ɗaya ɓangaren kashi 3.3. Nan hankalin mutane ya tashi. Abin da masu bidiyo ba su faɗi shi ne duka waɗanda suka kamu ba su kai mutum 40 ba, kuma a cikin binciken nan dai, waɗanda ke samun folet sosai daga abinci ba a ga haɗarinsu ya ƙaru ba, alamar ma ta karkata ne wajen raguwa. Sai a 2013 mujallar Lancet ta buga wani aiki da ya tattara gwaji 13, mutum kusan 50,000 da aka bi kamar shekara 5, ba a ga wani ƙarin kansa na a zo a gani ba, har da ta furostet. Wasu masu binciken da suka yi nasu tattarawar sun ga ɗan ƙari. Kenan maganar ƙwaya har yanzu ana ja-in-ja, maganar miya kuwa ba wanda ya kama ta da laifi.

Ɗan Kabi Asali:
Hhhh wallahi kun ban dariya, zogalen da kakanninmu sunka ci har sunka kai shekara casa'in suna noman fadama shi za a ce a bari? Ni dai in an hana ni kwaɗon rama da ƙuli to a haɗa da numfashi. Amma mai kemis in tambaye ka, ta yaya abin da ake ba mai ciki don lafiyar jinjiri zai zama matsala ga tsoho, ni abin ga ya ɗaure mani kai.

Mai Kemis na Gwandu:
Kawu ai kai manomi ne, taki za ka tuna. Aikin folet shi ne taimaka ma ƙwayoyin jiki su gina sabbi su rabu biyu, shi ya sa mai ciki ke buƙatarshi sosai, musamman kwana 28 na farko lokacin da laka da ƙwaƙwalwar jinjiri ke haɗuwa. To taki bai san shinkafa ba bai san ciyawa ba, duk wanda ya tarar a gona shi zai ciyar. Abin da masana ke zato shi ne in jiki lafiya lau yake, isasshen folet na kare shi, in kuma dama akwai ɗan tsiron daji da ya ɓuya, yawan folik na iya ƙara mai ƙarfi. Kuma furostet wuri ne da maza da yawa in sun tsufa ake samun irin wannan ɗan tsiron kwance shiru, wani har ya mutu da wani ciwon daban bai san da shi ba. Abin ma na da tarihi, wani likita a Boston mai suna Sidney Farber ya lura wajen 1947 cewa yara masu kansar jini da aka ba dangin folik ciwonsu ya ƙara gudu, sai ya juya ya ba su maganin da ke toshe folet, ciwon ya lafa na wani lokaci. Daga wannan layin maganin kansa mai suna methotrexate ya fito, har yau ana aiki da shi.

Maman Sikila Biyu:
Innalillahi, ni fa kun tsorata ni. Yarana maza biyu duk sikila ne, tun suna goye suke shan folik kullum, babban yanzu shekara 15. In daina ba su kenan?

Nas Yauri:
A'a Hajiya dan girman Allah kar ki daina, kar ki canza komai sai da likitansu. Mai sikila jinin jikinshi kwana 10 zuwa 20 yake yi ya mutu, na sauran mutane kuma wajen kwana 120, kin ga ɓargonshi aiki yake ba hutu, folet ɗin cinye shi yake. Haka masu ciki, ban so wata ta karanta wannan ta watsar da maganin awo. Ana magana ne kan namiji babba da ba wanda ya auna shi ya ce yana da ƙaranci.

Malam Bakabe kai kuma ni ba ƙwayar ce ta fi damuna ba, abu biyu ne. Na farko kasalar. Dattijo in jininshi ya yi ƙasa ba a cewa a sha maganin ƙarin jini a yi shiru, sai an nemo ta ina yake zuba, ko olsa ce, ko tsutsar ciki, ko ƙoda, ko ƙarancin bitamin B12, kuma mugun halin folik shi ne yana iya gyara awon jini ya rufe ƙarancin B12 alhali jijiyoyi na lalacewa a ɓoye, sai ka ji mutum na cewa tafin ƙafarshi na mai kamar tafiyar kiyashi. Na biyu fitsarin dare. Mutane na ce ma kansar furostet kansar mafitsara amma furostet daban take, wata 'yar tsoka ce kamar goro a ƙasan mafitsara, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarta. Yawancin dattawa kumburin tsufa ne kawai ke matse hanyar ba kansa ba, ciwon suga ma na sa haka. Ita kansar da farko sau da yawa ba ta nuna komai. Abubuwan da aka tabbatar suna ƙara haɗarinta su ne shekaru, da gado in uba ko ɗan'uwa ya yi, da kasancewa baƙar fata, kuma ita ce kansar da ta fi kama maza a Najeriya. Ka kai Baba a yi gwajin jini na PSA, wanda ake duba lafiyar furostet da shi, a auna yawan jini da suga, likita ya duba shi. Ko PSA ya hau kar ku yanke hukunci, kumburi ko ciwon sanyi na iya ɗaga shi. Birnin Kebbi ba nisa daga Jega, in abin ya buƙaci ƙwararrun fitsari za su tura ku asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Ka tafi da kwalbar ƙwayar a aljihu ka nuna ma likita, ka faɗi wata nawa yana sha.

Bakaben Jega:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, Anti Nas Allah ya ƙara basira. Na duba kwalbar yanzun nan, miligiram 5 ce kamar yadda mai kemis ya faɗa, na ɗauke ta na sa a aljihun babbar rigata. Rigimar da ta rage ita ce Baba, da na ce mai asibiti sai ya ce shi lafiyarshi ƙalau, wai fitsarin dare ai shan fura ne da yawa, kuma wani abokinshi ya taɓa ba shi labarin yadda ake duba wurin da yatsa shi ya sa yake noƙewa. Na kira Baffa, shi kaɗai yake jin maganarshi, ya ce zai shigo Laraba in an tashi kasuwa mu tafi da shi Alhamis da sassafe. Inna kuma tun ɗazu ta aika a tsinko zogale, ta ce ni ba za a zuba mani ba.