Ibada don Allah ne, ko don a shiga sama?

Ɗan Ajin Baftisma:
Salama gare ku, iyayena da 'yan'uwa cikin Almasihu. In mutum yana zuwa sujada, yana ba da zakka, yana gudun zunubi, amma abin da ke tura shi kawai shi ne ya shiga sama, ibadarsa karɓaɓɓiya ce? Ko sai ya kai inda ba ruwansa da lada?

Malamin Littafi:
Ɗana, begen sama ba laifi ba ne. Yesu da bakinsa ya ce a tara dukiya a sama (Matiyu 6:20), Musa ma ya zuba ido ga sakamako (Ibraniyawa 11:26). Inda gizo ke saƙar shi ne me kake sa ran tararwa a can.

Buɗe Wahayin Yahaya 21. Yawancinmu a aya ta 21 muke cin birki, wajen ƙofofin lu'ulu'u 12 da titin zinariya. Ƙara aya biyu kawai: birnin ba haikali, don Allah da Ɗan Ragon, wato Almasihu, su ne haikalinsa, ba ya bukatar rana ko wata, don ɗaukakar Allah ce haskensa. A 22:4 kuma bayinsa za su ga fuskarsa. Yahaya 17:3 ya ce rai madawwami shi ne sanin Allah da Almasihu wanda ya aiko.

To gwada kanka: a ce an ba ka birnin dukansa, ba ciwo, ba kuka, ga 'yan'uwanka da suka riga mu, amma Almasihu ba ya ciki. Za ka zauna? In zuciyarka ta ce ba komai, hutu kake nema, ba Ubangiji ba.

Katikis:
Malam ya yi daidai, sai dai kada a tsorata yaron. Banad na Kilabo, wani malamin Kirista na Faransa wanda ya rasu a 1153, ya kasa ƙauna hawa huɗu: mutum ya ƙaunaci kansa don kansa, ya ƙaunaci Allah don abin da yake samu, ya ƙaunaci Allah don Allah, daga ƙarshe ko kansa ma don Allah yake ƙaunarsa. Mai tambaya yana hawa na biyu, kuma ba a tsallake shi. Wanda ya yi ta zuwa wurin Allah da bukata, a hankali yake ɗanɗana alherinsa.

Wuce gona da iri ma akwai shi. A 1699 Fafaroma Innosan na 12 ya yi tir da maganganu 23 na Babban Bishop Fenelon na Faransa a kan "tsantsar ƙauna", wadda ba ta ko waiwayar lada. Wanda ya ce ba ya son sama, wace fuska yake marmarin gani?

Mama Zumunta:
Ɗana, ga abin yi. Ware minti 15 da asuba. Biyar na farko yabo zalla, ba roƙo ko ɗaya. In bakinka ya bushe, karanta Zabura 145 da ƙarfi. Biyar na biyu ka ɗauki sashe guda na Bishara ka tambayi kanka: yaya halin Yesu yake a nan? Sauran biyar ɗin ka kawo bukatunka. Bayan mako biyu ka duba wane kashi ne ya fi yi maka nauyi.

Alamun ibadar ɗan ƙwadago ba sa ɓuya. Addu'a ta yi jinkiri, sai ya daina zuwa majami'a. Zargin da Shaiɗan ya yi wa Ayuba ke nan (1:9). Ko ya riƙa lissafi kamar babban wa na misalin ɓataccen ɗa a Luka 15:29, shekara da shekaru yana bauta ko ɗan akuya ba a ba shi ba, alhali uban na tare da shi kullum. Wani kuma ya saki gona da kasuwa wai duniya ba gida ba ce. Bulus ya so ya tafi ya zauna da Almasihu, amma ya ga zamansa ya fi amfani ga masu bi (Filibiyawa 1:23-24).

Ɗan Ajin Baftisma:
Na gode, Mama. Tsoron wuta fa?

Malamin Littafi:
Yana da gurbinsa (Luka 12:5), yana farkar da mai barci, amma ba ya ciyarwa. Cikakkiyar ƙauna takan kore shi (1 Yahaya 4:18). Haddace Zabura 73:25-26 kafin Lahadi, ka lura wa mai zaburar ya ce yake da shi a sama.