Faransanci kaɗai zai ishe ni a Saint-Boniface?

Ɗan Damagaram:
Assalamu alaikum jama'a. Na samu gurbin karatu a Jami'ar Saint-Boniface da ke Winnipeg, a Kanada. Faransanci nake ji, Turancina bai wuce gaisuwa ba. An ce unguwar ta masu Faransanci ce. Zan iya zama haka?

Maman Hafsat:
Wa alaikumus salam, ƙanena. A aji ba ka da matsala, da Faransanci ake koyarwa. A titin Provencher ma za ka ga alluna da shi, ga jaridarsu La Liberté tun 1913. Amma kada a ruɗe ka, ko cikin unguwar yawancin masu kanti da Turanci za su tare ka. Kana haye gadar Kogin Red zuwa tsakiyar gari kuwa, shike nan. Da ka sauka ka nemi ofishin Accueil francophone, aikinsu karɓar baƙi.

Bakatsine:
A da Saint-Boniface gari ne mai zaman kansa ai, sai 1972 aka haɗe shi da Winnipeg. Malam, koyi Turanci tun kana gida, saboda neman aiki.

Ɗan Damagaram:
Na gode, Yaya. Sanyin fa?

Maman Hafsat:
Hmm. A Fabrairu suke bikin Festival du Voyageur, a waje, cikin ƙanƙara. Sayi rigar sanyinka a nan, ta Zinder ba za ta yi ba.